Zuwa ga jikata, kan masu guduma da fararen kaya

Amaryata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, karatu kuma yana tafiya yadda ake so. Saƙonki ya iso tun ranar Laraba. Ƙaninki ne ya karanta mini har sau biyu, don idon nan ya fara gardama da ƙananan rubutu. Kishiyarki tana gefe tana kasa kunne, ta ce ashe kuɗin da aka kashe aka kai ki Landan na koyon buga ƙwallo da taɓarya ne. Na ce mata kishi ke damunta.

Kin ce tsohuwar da kike haya a gidanta ta ja ki kulob ɗinsu na kuroke, wasan nan na buga ƙwallo da guduma ta ratsa 'yan ƙofofin ƙarfe da aka kafa a ciyawa, ranar Asabar. Aka hana ki taka ciyawa da takalminki, kika tarar da tsofaffi cikin fararen kaya kamar masu shirin Idi, kika ga wani zai bugi ƙwallon da ba tasa ba kika yi magana, sai wuri ya yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Kina tambaya: wannan al'ada ce mai tushe, ko tsabar iyayi ne na tsofaffin Turawa? Kuma ki koma ko ki haƙura? Kin ƙara da cewa tsohuwar ta ce Wimbledon ɗin da ke kusa da ku, inda ake babbar gasar tanis, asalinsa gidan kuroke ne, ke kuma kin ɗauka cika baki take yi.

Ba cika baki ba ne, gaskiya ta faɗa miki. Bari in fara daga nan, don in kin ji abin da ya sami wasan, za ki gane halin masu yinsa.

Daga Ailan ya shigo Ingila a farkon shekarun 1850, kafin shekara goma sha biyar ya game gidajen masu hali. Wani kamfani a Landan mai suna Jaques shi ya riƙa sassaƙa gudumomi da ƙwallaye yana sayarwa a akwati, har da ɗan littafin dokoki. Abin da ya sa ya karɓu ba wani sirri ba ne: babu gudu, babu tsalle, mace da doguwar rigarta mai jan ƙasa tana iya karawa da namiji ta kuma kayar da shi. A zamanin kuwa budurwar gidan mutunci ba ta keɓewa da saurayi. To ga fili, iyaye na zaune a inuwa suna ganin komai, amma ba sa jin abin da ake faɗa a can ƙarshen ciyawa. Irin zancen zaure ke nan da ake haɗa ki da ƙanwa ta riƙe fitila. Na faɗa miki wannan ne don ki san ina sane, kada wani mai guduma ya yi mini ƙwace.

Da farko kowane gida da dokarsa. Wani mutum, Walter Jones Whitmore, ya tsara dokoki aka buga a jaridar The Field a 1866, ya shirya gasa a garin Evesham a 1867, kuma shi ya cinye ta. Mai rabo ya ɗauki kashi mafi tsoka, ba a kanmu aka fara ba. Ranar 23 ga Yuli 1868 mutum shida suka zauna a ofishin wannan jarida suka kafa All England Croquet Club. Suna ya cika baki, amma ko taku ɗaya na fili ba su da shi. Ba a je ko'ina ba rigima ta ɓarke, Whitmore ya yi fushi ya fice ya kafa tasa ƙungiyar. Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin ƙungiyar unguwa ya san wannan labari. A 1869 ne suka sami hayar eka huɗu a titin Worple, gefen layin dogo a Wimbledon, wadda a lokacin bayan gari ce. Aka daddaɓe, aka shuka ciyawa, aka yi gasar farko a wurin a 1870.

Sai baƙo ya yi sallama. A 1874 wani Manjo Wingfield ya fito da tanis ɗin da ake bugawa kan ciyawa, samari da 'yan mata suka koma can, kuɗin kulob ya ja baya. A 1875, bisa shawarar wani ɗan kwamiti, Henry Jones, aka ware fili ɗaya aka ce masu tanis su ɗan sha iska. Shekara biyu kacal, a 1877, sunan tanis ya shiga sunan kulob, aka kuma shirya gasa: maza 22 suka shiga, Spencer Gore ya yi nasara, mutum wajen 200 suka biya sule ɗai-ɗai suka kalli wasan ƙarshe. Labarin da ake bayarwa shi ne an shirya ta ne don a sami kuɗin gyaran wani ƙaton ƙarfe da ƙuru ke ja yana murje ciyawa. Gasar da duniya ke kallo a talabijin yau, daga neman kuɗin gyara ta fara.

Ki duba yadda abin ya kasance. Masu kuroke su suka sha wahalar baje ƙasa har ta kwanta sumul, ga shi filinsu guda yana ɗaukar kusan na tanis biyu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A 1882 aka goge kalmar kuroke daga sunan kulob ɗin ɗungurungum. Sai a 1899 kunya ta sa aka maido ta, amma a baya, aka ce All England Lawn Tennis and Croquet Club, kamar uwargidan da aka mayar ɗakin ƙurya. Da wannan sunan suka tashi zuwa titin Church a 1922, da shi suke har gobe.

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Waɗanda suka rage su ne masu son wasan don kansa. Suka sake haɗa ƙungiya ta ƙasa a 1897, wasan ya koma hannun ƙananan kulob-kulob na garuruwa irin wanda aka kai ki. Hedikwatarsu ma tun 2002 ta bar Landan ta koma Cheltenham, inda akwai kulob tun 1869. Irin waɗannan wurare yawanci ba attajiri ke riƙe da su ba. Kuɗin shekara ne na 'yan kulob, da aikin gayya: wannan ya ja farin layi, wancan ya kafa ƙofofi, wata ta kawo kek, wani ya wanke kofuna. In kin koma, ki shiga 'yar rumfarsu ki duba allon katako da ake rubuta sunayen zakarun kowace shekara. In kulob ɗin ya tsufa, ki nemi shekarun yaƙin duniya, na 1914 da na 1939, ki ga ko ba a tsallake su ba. Ki tambayi tsohuwar taki labarin sunayen, za ki sha hira har shayi ya huce.

Yanzu ga tambayoyinki. Maganar takalmi ba raini ba ne. Filin yadi 35 ne tsawo, 28 faɗi, da ƙofofin ƙarfe shida da turke ɗaya a tsakiya. Ƙwallon laba ɗaya ce cur, kuma tsakaninta da ƙofar da za ta ratsa ratar ba ta wuce kaurin kwabo ba. Ramin da tsinin dunduniya zai bari ya isa ya karkatar da bugun da mutum ya daɗe yana auno. Ni ma na sha wannan. Lokacin da nake karatu a can, a shekarun 1970, maigidan da na zauna wurinsa ya kai ni nasu kulob ɗin a wani ƙaramin gari. Na je da takalmin yayi mai tudu, ga wando mai faɗin ƙafa, ina jin babu kamata. Wata dattijuwa ba ta ce mini uffan ba, ta shiga ciki ta fito da wani tsohon takalmin roba ta ajiye a gabana. Ya fi ƙafata da kusan yatsa biyu. Haka na wuni ina jansa.

Ciyawar nan ce ma nake ganin ta hana wasan zama a wajenmu. Ƙwallon dawaki ya zauna a Katsina tun zamanin Sarki Dikko saboda dawaki namu ne tun fil azal. Fayif, wasan buga ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, ya zauna, har Sardauna ya shahara da shi, saboda bango kawai yake so. Amma wa zai shayar da ciyawa ruwa a watan Afrilu, ya kuma aske ta kamar kan ango?

Fararen kaya kuwa gadon mutanen da ne, masu ganin fari ya fi ɓoye zufa, ya kuma fi sanyi a rana. Ranar gasa ake matsa shi, ranakun koyo yawancin kulob ba sa damuwa. Ki sa farin hijabinki da doguwar riga, babu mai cewa komai. Matan da suka fara wasan sun fi ki yawan tufafi a jiki.

Shirun da aka yi miki shi ne abin da nake so ki tsaya a kai. Mu a majalisa, in ana dara, ɗan kallo ya fi mai wasa baki. Wannan ya ce kashe nan, wancan ya miƙo hannu ya matsar da ɗa. Su a wajensu ɗan kallo ba ya tsoma baki ko da ya ga kuskure ƙiri-ƙiri, domin lura da kuskure aikin mutum biyun da ke karawa ne. Dalili kuwa, a yawancin wasanninsu babu alƙali a tsaye. Kowa alƙalin kansa ne. In gudumarka ta taɓi ƙwallo sau biyu a bugu ɗaya, ko ka tura maimakon ka buga, kai za ka faɗa da bakinka, ka fita, abokin karawarka ya shigo. Sau da yawa shi yana can zaune a benci nesa, bai ga komai ba. In bugun mai shakka ne, kafin ka yi shi sai ka ɗaga guduma sama, wani da ya san doka ya zo ya tsaya ya gani.

Zan gaya miki abin da ko kishiyarki ban taɓa gaya wa ba, ga shi yanzu tana ji. Wata rana ina karawa da wani tsoho da ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa. Ƙwallona ta maƙale a bakin ƙofa, na buga, na ji a hannuna gudumar ta taɓa sau biyu, ƙas-ƙas. Na saci kallonsa, yana can yana cusa taba a lofe. Na yi gum na ci gaba, na kuwa ci wasan. Da muka gama ya miƙo hannu ya ce na yi ƙoƙari. Al'adarsu ce wanda ya ci shi ke saya wa wanda aka kayar abin sha, sai na sayo mana shayi. Wallahi shayin nan bai wuce mini maƙogwaro ba. Ni da aka yi wa karatun allo, aka karantar da ni cewa Allah na ganin abin da ke cikin duhu, ga ni na ci amanar mutumin da ya juya mini baya don ya yarda da ni. Mako ya zagayo na same shi na faɗa masa. Ya yi dariya ya ce ai ya ji ƙarar tun daga benci, jira yake ya ga ranar da zan zo. Ya kira sakatare aka gyara sakamakon, sannan ya ce to yanzu shi ke da bashin shayi.

Don haka in kin ci aka ce ki yi sayayya, kada ki ga kamar tara aka ci ki. In ke aka kayar aka tambaye ki me za ki sha, ki ce shayi ko lemo kai tsaye. Ni shekara biyu na yi a cikinsu ba wanda ya taɓa tsare ni da tambayar me ya sa ba na shan giya.

Kada kuma ki ji tsoron za su yi ta lallasa ki. Suna da wani tsari na gyara, irin wanda mai awo ke ƙara wa mai saye: gwani yakan ba ɗan koyo damar ƙarin bugu, gwargwadon ratar da ke tsakaninsu, har wanda ya yi wata uku yana wasan ya iya ja da wanda ya yi shekara talatin. Ina zaton mai sauƙin aka fara nuna miki, wanda kowa ke bugu ɗaya ya ba na gaba, shuɗiya da baƙa a gefe guda, ja da rawaya a ɗaya gefen, wanda ya riga cin ƙofa bakwai ya yi nasara. To wannan ɗin, ki gaya wa tsohuwarki, 'yan Afirka ne suka koya wa Turawa yadda ake yinsa. Sojan Ingila sun kafa kulob ɗin Jazira a Alƙahira a 1882, Misirawa suka ɗauki wasan a irin waɗannan wurare suka sake masa fasali, suna dukan ƙwallo da ƙarfi kamar harsashi. Da aka fara gasar duniya ta wannan nau'i a Italiya a 1996, Bamisire ne, Khaled Younis, ya ɗauke kofin, kuma suka yi shekaru fiye da goma ba su sake shi ba. Ɗaya nau'in, mai maki 26, wanda gwani kan shiga fili ya yi rabin sa'a yana zagaye abokinsa na zaune, sai kin kwana biyu za su koya miki.

Ki koma. Ki sayi takalmi mai shafaffen ƙasa, ki isa da wuri ki taya su kafa ƙofofi. Kada ki gilma ta gaban mai auna bugu, kada ki yi motsi sai ya buga. Shi kuma dattijon da kika yi wa magana, ki same shi ki ce ba ki san doka ba ne, magana ta ƙare. In lokacin salla ya yi ki nemi gefe a rumfar, ni a bayan ɗakin injin aske ciyawa nake yi. In an zo rabon kwanakin kawo abin shayi, ki sa sunanki, ki soya musu cincin, amma ki rage sukari don haƙoransu sun yi kwana.

Kishiyarki ta ce yajin da kika roƙa yana nan an daka, sai an sami mai tafiya. Ta kuma ce ki aiko da hotonki riƙe da taɓaryar, tana so ta nuna wa maƙwabta. Ni ma ki ɗauko mini allon sunayen nan, ki matso da wayar kusa yadda rubutun zai fito manya.

Kakanki, angonki na fari.