Wadda aka haɗa ni da ita a maktaba ba ta da lokacina, ya zan yi?

Tambaya: Salam Malam. Wata huɗu ke nan da na fara aiki a maktabar wata jami'a nan Jidda, sashen fahrasa, wato inda ake shigar da bayanan littattafai a kundin maktaba. Mudira, wato shugabarmu, ta haɗa ni da wata babba ta riƙa koya min, amma aiki ya mata yawa, sai a yi sati ba mu zauna ba. Na ji ana maganar mujtama'atul mumarasa, mene ne shi, kuma zai iya maye min gurbinta?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kar ki ga laifinta, mutum ɗaya ba zai iya ɗaukar koyarwar wani gaba ɗaya ga nasa dawam ɗin, wato aikinsa na kullum, ba. Abin da kika ji ɗin ni ina ce masa zauren abokan sana'a, wato masu aiki iri ɗaya su riƙa haɗuwa a kai a kai suna baje matsalolin aikin suna warwarewa tare. Jean Lave da Etienne Wenger ne suka fito da sunan a 1991, kuma cikin waɗanda suka kafa hujja da su akwai telolin Vai da Gola a Laberiya. Yaron shago a can ba da yanka yake farawa ba, guga ake ba shi da ɗinkin maɓalli, sai ya hau keke, yanka ne ƙarshe don nan ne in an yi kuskure yadi ya tafi. Duk tsawon lokacin nan yana cikin shago idonsa na kan kowa, ba kan maigida kaɗai ba.

To haka fahrasa take. Ƙa'idojin RDA (na bayanin littafi) da MARC 21 (na tsara bayanan a kwamfuta) suna rubuce, kowa zai iya karantawa, amma ranar da littafin Imam Suyuɗi ya zo gabanki kika tarar an shigar da sunansa iri uku a sistem, wani da laƙabi wani da cikakken suna, wanne za ki sa a filin 100, gurbin sunan marubuci? Ko bugun da shekarar Hijira kawai ke jikinsa, ya kuke rubuta ta a filin 264, gurbin bayanan bugu? Amsar irin waɗannan tana bakin mutanen da suka daɗe a kujerar, kuma ba ta fitowa sai an zauna da littafin a hannu.

Shawarata ki nemi mutum huɗu ko biyar, har da 'yan sashen aro da masu taimaka wa ɗalibai da Maktabar Dijital ta Saudiyya, ku ware rabin awa duk Alhamis bayan azahar, ga shayi, kowa ta zo da abu ɗaya da ya ba ta wuya a satin. Ku duba yadda Fihirisul Arabil Muwahhad, kundin haɗin gwiwa na maktabun Larabci, ya yi da suna irin na Suyuɗin, abin da kuka tsayar a rubuta a fayil ɗaya don wadda za ta zo bayanki. Ki gaya wa mudira tun farko, amma don Allah kar ya koma taron ofis da ake ɗaukar sunan wadda ba ta zo ba, na ga zauren da ya mutu ta haka, mutane suka daina faɗin kuskurensu.

Batun maye gurbi kuwa, a'a. Maganar ƙarin girma ko saɓani da wata a ofis ba a zaure ake yinta ba, wannan sai ke da babbar da aka haɗa ku. Ki ma fara gayyatarta, ki ce rabin awa ne kawai kuma ba ita kaɗai za ta riƙa amsawa ba.