Me ya sa Allah ya ƙi Shawulu amma ya bar Dawuda?

Tambaya: Malam, a ajin nazarin Littafi Mai Tsarki mun kai labarin Sarki Shawulu. Allah ne ya zaɓe shi, sai kuma ya ƙi shi a kan tumaki da shanu. Dawuda kuwa ya kwana da matar Uriya, ya sa aka kashe mijin, amma sarautarsa ta ɗore. Wannan ba son kai ba ne? Daga wata 'yar'uwa a Kafanchan.

Amsa: 'Yar'uwa, idan barna za a auna, ta Dawuda ta fi muni, ba na musun wannan. Amma mu koma tushen sarautar. Dattawan Isra'ila ne suka je wa annabi Sama'ila suka ce a naɗa musu sarki irin na sauran al'ummai, domin 'ya'yansa Yowel da Abiya suna cin hanci a Biyersheba. Allah ya ce wa Sama'ila ba shi suka ƙi ba, Allah suka ƙi ya zama sarkinsu (1 Sama'ila 8:7). Sai ya ba su irin wanda ido ke so: Shawulu ɗan Kish daga kabilar Biliyaminu, dogo, kowa iyakarsa kafaɗarsa. Zaɓen na gaske ne. An zuba masa mai, Ruhun Allah ya sauko masa, ya kuma ceci mutanen Yabesh Gileyad daga Nahash sarkin Ammonawa.

A Gilgal abin ya fara tsagewa. Ya jira Sama'ila kwana 7, ya ga sojoji suna zamewa, sai ya miƙa hadaya da hannunsa, maimakon ya jira Sama'ila kamar yadda aka umarce shi. Sai kuma yaƙin Amalekawa a 1 Sama'ila sura 15, inda Allah ya umarce shi ya hallaka komai, amma ya bar sarkinsu Agag da rai, ya ware dabbobi masu ƙiba. Ki lura da bakinsa da Sama'ila ya tare shi. Da fari ya ce ya cika umarni. Da kukan tumaki ya tona shi, ya ce jama'a ne. Daga nan ya ce ai don hadaya aka kawo su. Can da ƙyar ya amsa laifi, amma ya haɗa da roƙon a girmama shi a gaban dattawa. Kafin ma su haɗu, ya riga ya kafa wa kansa dutsen tunawa a Karmel. Da bakinsa ya faɗi ciwonsa: ya ji tsoron mutane, ya bi maganarsu (15:24). Sarkin da aka ɗora don ya riƙe jama'a a ƙarƙashin Allah, jama'a ce ta riƙe shi.

Dawuda fa? Da annabi Natan ya kawo masa misalin attajirin da ya ƙwace 'yar tunkiyar matalauci, ya ce masa shi ne mutumin, amsarsa gajeriya ce: ya yi wa Ubangiji zunubi (2 Sama'ila 12:13). Bai ɗora wa kowa ba. Kuma bai sha ba. Jaririn da matar Uriya ta haifa masa ya mutu, ɗansa Absalom ya kashe ɗan'uwansa Amnon, daga baya ya kori uban nasa daga Urushalima.

Sai dai ni ba na yarda da masu wa'azin da ke tsayawa nan, kamar tubar Dawuda ce ta saya masa gadon sarauta. Tun kafin maganar Batsheba, matar Uriya, Allah ya yi masa alkawari cewa zai hori zuriyarsa in sun yi laifi, amma ba zai janye ƙaunarsa ba kamar yadda ya janye ta daga Shawulu (2 Sama'ila 7:14-15). Wannan alheri ne, kuma a fahimtar Kirista yana nuni ga Almasihu, wanda Matiyu ya buɗe bishararsa da kiransa ɗan Dawuda.

Kada kuma ki ɗauka ƙin nan na nufin an tumɓuke Shawulu ran nan. Gidansa ne aka raba da gadon. Shi kansa ya ci gaba da mulki har ya faɗi a Dutsen Gilbowa. Sama'ila ya daɗe yana makokinsa, Dawuda kuma da ya sami Shawulu a kogon En Gedi, gefen rigarsa kaɗai ya yanka, ya ce ba zai ɗaga hannu a kan shafaffe na Ubangiji ba.