Albashin Ingila gida ɗaya yake riƙewa

Abba, ɗana,

Assalamu alaikum. Saƙonka ya iso ni, na kuma yi maka murnar samun aikin jinya a Ingila. Allah ya sa alheri ne ya kira ka. Ka gaida mini ɗiyata, matarka, da yaran nan biyu.

Ka ce asibitin gwamnati ne a arewacin ƙasar, mataki na 5 a tsarin albashinsu, fam 31,049 a shekara. Ka ce Yaya, mahaifinka, ya kafe a kan cewa a al'adarmu namiji ne ke fita nema, mace ta zauna wajen uwar miji, ita kuwa ɗiyata ta ce ƙafarka ƙafarta. Kana so ka ji daga bakina me al'adar ta ce, kuma ko kuɗin zai riƙe ku ku huɗu cikin walwala.

Bari in fara da maganar Yaya, don na san ita ta fi tsaya maka a rai. Abin da yake nufi ci-rani ne, kuma ni ma na tashi na tarar da shi. A gama girbi, a cika rumbu, maza su saɓa jaka su nufi Kano ko Ikko, kafin ruwan shuka ya sauka sun dawo. Wata huɗu ne, biyar, in ya yi tsanani shida. Matar da aka bari an bar mata hatsi, tana tsakiyar gandu, kuma kowa ya san lokacin dawowa. Taka tafiyar ba wannan ba ce. A ƙa'idar da aka saba, sai mutum ya yi shekara 5 kafin ya nemi izinin zama na dindindin, kuma a watan Mayun 2025 gwamnatinsu ta fito da shawarar mayar da wa'adin shekara 10. Masu irin wannan doguwar tafiya a kakanninmu su ne fataken Gwanja da suka kafa zango a Salaga da Kumasi, da masu zuwa Makka a ƙasa da suka yada zango a Sudan. Da yawansu da matansu suka tashi, wasu a can suka yi aure, shi ya sa har yau akwai unguwannin Hausawa a wuraren nan. Addini ma bai bar abin sakaka ba. Wanda ya rantse zai ƙaurace wa matarsa, wata huɗu Alƙur'ani ya ba shi a aya ta 226 ta suratul Baƙara, kuma Sayyidina Umar ya iyakance wa mayaƙa 'yan watannin da za su yi ba su leƙo iyali ba. Jingine yarinya shekara da shekaru a ɗakin suruka, tana renon 'ya'ya da muryar miji a waya, ni ban san shi a al'ada ba.

Amma Yaya yana da gaskiya a wuri guda, ko da bai faɗe ta haka ba. Mu ba ma kai amarya sai ɗaki ya samu, an yi jere. Kai yanzu ba ka da ɗaki a can. Kuma har sai ka ci jarrabawar OSCE ta gwada aikin jinya a aikace, hukumar nas-nas ta NMC ta yi maka rajista, ba za a biya ka kuɗin mataki na 5 ba, ƙasa da haka za ka riƙa karɓa. Saboda haka ka yi gaba kai kaɗai, ka ci jarrabawa, ka kama gida, sannan su biyo ka. Watanni nake nufi, kuma ka faɗa wa ɗiyata watan da bakinka.

Yanzu kuɗi. Na san abin da ka fara yi, don kowa haka yake yi: ka buga da farashin canji, ka ga miliyoyi, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000. Ka ajiye wannan lissafin, ba a kasuwar Kwari za ka kashe kuɗin ba. Fam 12,570 na farko a shekara ne kawai haraji ba ya taɓawa. Abin da ya haura, a cire kashi 20 cikin 100 na haraji, a cire kashi 8 na inshorar ƙasa, ga kuma kusan kashi 8 na fansho daga albashin. Abin da zai shigo asusunka ƙarshen wata bai cika fam 2,000 ba.

Kuɗin haya ne zai fara cin rabonsa. Gida mai ɗaki biyu a garuruwa masu sauƙi irin su Bradford za ka iya samu tsakanin fam 700 da 900. A Manchesta ya haura 1,000, a Landan kuwa albashin naka duka zai iya tafiya, duk da ƙarin da ake yi wa ma'aikatan can. Ka gode Allah da ba can aka tura ka ba. Kafin a ba ka makulli akwai kuɗin ajiya, wanda doka ta yarda ya kai na hayar mako biyar, ga hayar watan farko. Akwai harajin ƙaramar hukuma da ɗan haya ke biya, sama da fam 100 duk wata. Wuta da gas wajen 150, kuma wannan ba abin da za ka yi wa tsimi ba ne da yara ƙanana, a ƙasar da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe huɗu a watan Disamba. Ka ɗora ruwa, waya, intanet, kuɗin bas, sannan cefane. Shinkafa da kaza ba su da tsada sosai, amma ranar da ran ɗiyata ya biya kuka da daddawa da doya, a shagon 'yan Afirka za ta saya, da farashin abin da ya hau jirgi. In ka tattara, abin da zai rage maka da ƙyar ya kai fam 300, kuma ba a yi maganar rigar sanyi, takalmin makaranta ko tikitin zuwa gida ba.

Ba duka ne ɗaci ba. Irin bizarku ta ma'aikatan lafiya an yafe mata kuɗin asibitin da sauran baƙi ke biya, fam 1,035 duk shekara a kan kowane babba, kuma yafiyar ta haɗa da iyali. Makarantar gwamnati kyauta ce, babban yaronka zai shiga aji a watan Satumban da ya biyo bayan cikarsa shekara 4. Aikin dare da na Asabar ana ƙara kashi 30, Lahadi kashi 60. Nas kuma har yanzu yana da damar tafiya da iyali, alhali masu kula da tsofaffi an hana su tun watan Maris na 2024. Sai dai a bizar an rubuta ba ku da rabo a tallafin gwamnati, don haka kuɗin yara da za ka ji maƙwabta na karɓa ba naku ba ne.

Abin da ya fi damuna babu shi a takardar albashi. Lokacin da na je wa ƙanwarka jego a can na gane yawan aikin da dangi ke yi mana a nan ba tare da mun taɓa sa masa farashi ba. A gidanku, ɗiyata za ta miƙa yaro ga kakarsa ta tafi unguwa, ta aiki almajiri, ta leƙa ta katanga ta ari tukunya. A can kowanne daga cikin waɗannan kuɗi ne, ko kuma babu shi sam. Gidan reno na yini cur ga yaron da bai kai shekara 2 ba yana iya cin fam 1,000 a wata. Sai ya kai shekara 3 ake ba kowa awa 15 kyauta a mako. Za a ce maka ai ita ma doka ta ba ta damar aiki, albashi biyu ya fi ɗaya. Gaskiya ne, kuma yawancin gidajen da ka ga suna walwala da albashi biyu suke yi. Amma da ƙaramin nan a hannu, ko dai kuɗinta ya ƙare a reno, ko ku koma karɓa-karɓa, kai dare ita rana, kuna gaisawa a bakin ƙofa. Kuma kada ku kuskura ku kulle yara su kaɗai ku fita, ko ka ɗaga wa yaro bulala. Malamin makaranta na ganin shaida a jikinsa zai sanar da hukumar kula da yara, wannan kuma ba maganar da dattijon unguwa zai kashe ba ce.

In Allah ya kawo haihuwa, babu mai dafa mata ruwan wanka, babu mai dama kunun kanwa, babu zuwa gida wankan arba'in. Ko dai ka nema wa uwarta bizar ziyara, wadda ba ta wuce wata 6 kuma ba kullum ake bayarwa ba, ko kai ka zama uwar. Ragon suna ba a yanka shi a tsakar gida, sai ta mayanka, shi ya sa mutanenmu ke turo kuɗi a yanka a nan. Ka nemi masallacin unguwarku tun makon farko, in suna da asusun jana'iza ka shiga, don binne mamaci a can dubban fam ne. Kuma tunda na san jinin gidanmu, in gaya maka tun yanzu: mata ɗaya dokarsu ta sani a biza.

To ga amsata a kan kuɗin. Zai rufa muku asiri, ku ci, ku sha, yara su yi karatu mai kyau. Walwala irin wadda kake hange, mota da ginin gida a Kano da zuwa Umara, ba ta cikin shekarun farko. Kuma gida ɗaya zai riƙe. Barin su a nan ma ba arha ba ne yadda Yaya ke zato: kana biyan hayar ɗaki a can, kana ciyar da gida a nan, kana sayen tikiti duk shekara, ga shi kowa ya ɗauka tunda kai kaɗai ne kuɗin a ajiye suke. Ranar da ka sauka za a fara kira, kuɗin makarantar wane, bikin wance, maganin wane, gudummawa, zannen Sallah. Haƙƙin iyayenka yana wuyanka, wannan babu ja. Sauran kuwa kyautatawa ce, ciyar da matarka da 'ya'yanka shi ne wajibi, kuma shi ake fara fitarwa. Ka yanke abin da za ka iya turo wa Yaya da mahaifiyarka duk wata, ko fam 100 ne, ka faɗa musu tun kafin ka tashi, kuma kada ya taɓa yankewa. Ka riƙa ajiye wani abu kuma, don izinin zaman dindindin ɗin nan wajen fam 3,000 ne a kan kowane kai, har yaran.

Ka tambayi asibitin ko za su ba ka masauki da farko, na wata nawa, da kuma nawa za su biya ka kafin rajista. Ka rubuta lissafin nan a takarda da hannunka, ku zauna da ɗiyata ta gani, don kada ta je tana tsammanin abin da babu. Yaya kuma ka bar ni da shi, zan shigo ranar Juma'a bayan La'asar. Kada ka sake tayar masa da maganar kafin nan, kuma ka ajiye mini takardar, da ita zan shiga wajensa.

Allah ya yi maka albarka, ya kai ka lafiya.

Goggonka