Tsakanin VueScan, SilverFast da Epson Scan, da batun 48-bit

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce kana da Epson V600, na'urar sikanin hoto da fim, da tarin negatif na hotunan gidanku na shekarun 1980, kana neman sanin ko manhajar sikanin VueScan za ka saya ko ta SilverFast, sannan 24-bit za ka sa ko 48-bit. Na jima ina yi wa mutane irin wannan aikin, kuma a ganina tambayarka ta biyu ta fi ta farko nauyi.

A 24-bit, ja da kore da shuɗi kowanne matakai 256 gare shi, daga duhu zuwa haske. A 48-bit kuwa kowanne na da 65,536. Idan ka jera hotunan biyu da fitowarsu daga na'ura, ba za ka bambanta su ba, shi ya sa wasu ke cewa ɓata wuri ne kawai. Sai ka fara gyara za ka gane. Negatif ɗin da ya yi shekara arba'in a akwati cikin zafi ya riga ya koɗe, launinsa ya karkata, dole ka ja shi sosai kafin farar babbar riga ta koma fara. A nan 24-bit ke bayar da kai: sararin sama ya fito layi-layi, fuskar baƙin mutum da ke cikin inuwa ta yi dabbare-dabbare. Kamar ɗinki ne da yadin da aka yanka daidai wa daida, babu inda za a ƙara. Mai 48-bit zai jure wannan ja.

Amma ka adana fayil ɗin a tsarin TIFF, ba JPEG ba. JPEG 8-bit yake ɗauka a kowane launi, ko me ka zaɓa zai zubar da sauran. Ka kuma tanadi wuri, don fim mai milimita 35 a 3200 dpi (ɗigo 3200 a kowane inci) yana kai wajen MB 80 a 48-bit, rabin haka a 24-bit. Ka bar 6400 dpi da aka rubuta a kwalin na'urar, gilashin V600 ba ya gani har can, fayil ne kawai zai kumbura.

Manhaja kuwa, kada ka yi gaggawar cire kuɗi. Epson Scan da ta zo da na'urar tana yin 48-bit. Matsalarta, idan ka bar mata komai takan datse wurin haske da wurin duhu, don haka ka shiga Professional Mode ka buɗe iyakokin da hannunka. SilverFast ta kamfanin LaserSoft na Jamus ce, tana da NegaFix inda za ka zaɓi irin fim ɗin, Kodak ko Fuji, launi ya fito kusa da daidai tun farko. Sai dai lasisinta na na'ura ɗaya ne, ga maɓallai birjik. Ni VueScan nake riƙe da ita, duk da fuskarta ba kyau, saboda tana aiki da na'urori iri-iri, har tsofaffin Nikon Coolscan, kuma babban lasisinta na ba ka damar ajiye ɗanyen sikanin ka sake sarrafa shi ba tare da ka kuma taɓa negatif ba. VueScan da SilverFast duka biyun akwai na gwaji, ka sa musu negatif guda ka kwatanta.

Sai ƙura, musamman da hunturu. Digital ICE, wato tsarin na'urar mai gano ƙura da hasken infrared, na goge ta a fim mai launi, amma ka kashe shi a fim baƙi da fari na gargajiya, domin azurfar da ke jikinsa tana tare hasken, sai ya ɗauke ta a matsayin datti ya lalata hoton. Waɗannan sai ka hure su da ɗan famfon iska, sauran ka goge a kwamfuta.