Ƙanwata za ta tafi aikatau Saudiyya, in bar ta?

'Yar'uwa, kin ce 'yan bindiga sun raba ku da ƙauyenku a Birnin Gwari, kuna zaune a Rigasa, yanzu wani dillali ya yi wa ƙanwarki alkawarin aikin gida a Saudiyya. Na san matsin da kuke ciki, amma kada ta ba shi ko sisi tukuna.

Babbar matsalar ita ce tsarin kafala: bizarta tana ɗaure da sunan mai gidan da za ta yi wa aiki. Gyaran da Saudiyya ta yi wa tsarin a 2021 bai haɗa da masu aikin gida ba. Idan ya riƙe fasfonta ko ya hana ta albashi, ta gudu, ita za a kama. Kuma dillalai suna farautar 'yan gudun hijira ne, don sun san ba su da mafita.

Ta nemi takardar kwangila, ta ga sunan mai gida da albashi a rubuce. Ku tabbatar kamfanin dillalin yana da lasisi daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Najeriya. Idan dillalin ya ce ta shiga da bizar Umara ta ɓuya, fataucin mutane ne, ku kai shi NAPTIP, hukumar yaƙi da fataucin mutane ta Najeriya.

Abin da ya fi taimakon mata can shi ne haɗin kansu. A Labanan masu aikin gida sun kafa ƙungiya a 2015, ko da yake gwamnati ta ƙi yi mata rajista. Kafin ta tashi, ta samu matan da suka dawo, su saka ta cikin zaurensu na WhatsApp.