Al'adata ta rikice, in sha jiƙon citta da kirfa?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Shekaruna 27, 'ya'yana biyu, bara na yaye ƙaramar. Tun daga nan al'adata sai ta yi wata biyu ko uku ba ta zo ba. Maƙwabciyata ta ce sanyi ne, ta haɗo min citta, kirfa, kanumfari da jar kanwa in jiƙa. In sha? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kafin ki kai komai baki, ki sayi tsinken gwajin ciki a kemis, ki gwada da fitsarin farko na safe. A ɗakin haihuwa na sha karɓar matan da suka sha jiƙon "sauko da jini", ashe ƙaramin ciki ne. Wata da zani uku a jiƙe aka kawo ta, tafin hannunta fari fat. Har yau ina tuna fuskar mahaifiyarta.

Ba na raina kayan ƙamshinmu. Citta tana da hujja, amma a kan ciwon mara: a Iran an gwada garinta a kwana uku na farkon al'ada, ta rage ciwo kusan kamar ibuprofen. Dawo da al'adar da ta ɗauke kuwa, ba aikinta ba ne. Kirfa an gwada ta a Jami'ar Columbia da ke Amurka, aka wallafa sakamakon a 2014: mata 45 masu larurar PCOS (rikicewar sinadaran jiki da ke hana ƙwan mace fita a kan lokaci), giram ɗaya da rabi kullum har wata shida. Al'adar waɗanda suka sha ta ɗan daidaita, sai dai fiye da rabin matan ba su kai ƙarshen gwajin ba. Wannan bai isa a ce magani ce ba.

Kanwar ce ta fi damuna. Gishiri ne da ita sosai, kuma tun shekarun 1970 likitoci a nan garinku suka danganta yawan kunun kanwa da ciwon zuciyar masu jego. Ki cire ta.

Al'ada mai lafiya kan zagayo tsakanin kwana 21 zuwa 35. In ta zarce haka a kai a kai, galibi ba sanyi ba ne. Allurar tazarar haihuwa ta wata uku na ɗauke ta, haka matsalar ƙwayar maƙoshi (thyroid, wadda kumburinta ke kawo maƙoƙo), da PCOS, da sinadarin da ke kawo ruwan nono in bai ragu ba bayan yaye. Ki matsa nononki ki gani, har yanzu yana fitar da ruwa? Ki faɗa wa likitar mata, za ta sa a yi miki gwajin jini da hoton mara. Ki tafi da kwanakin zuwan al'adarki na wata shida a rubuce.