Yaya ake gane gam ɗin da zai riƙe?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni kafinta ne a Funtuwa. Nakan haɗa kujeru da farin gam su bar shago garau, amma da damina ta yi nisa sai masu kaya su dawo da su, haɗin ya saki. Shin akwai yadda ake gwada gam, ko sai an yi aiki da shi an gani?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya sa wa sana'a albarka. Ana gwada gam, kuma abin da ake gwadawa shi ne haɗin gaba ɗaya: gam ɗin, da fuskar katakon, da yadda aka shirya ta.

A ɗakin gwaji ana manna sillen katako ko ƙarfe guda biyu, bakin ɗaya a kan na ɗayan, a bar su su bushe, sannan inji ya ja su har su rabu, a rubuta nauyin da ya raba su. Ga katako, ƙa'idar Turai mai lamba EN 204 ta kasa farin gam gida huɗu, daga D1 zuwa D4. A bushe, kowannensu sai ya ɗauki kusan kilo 100 a kan kowace santimita murabba'i. Bambancin yana fitowa ne a ruwa. D3 ana jiƙa shi kwana 4, kuma dole ya riƙe kusan kilo 20 yana jiƙe. D4 har tafasa shi ake yi na awa 6. To ka ga inda matsalarka take: gam na D1 ko D2 zai yi maka kyau a hunturu, amma idan katako ya sha laima ya kumbura, shi kuma gam ya yi laushi, haɗi zai buɗe. Ka duba jikin roba, idan kamfanin ya rubuta ajin gam ɗinsa.

Amma ni abin da na fi damuwa da shi ba lambar da inji ya nuna ba ce. Ka ɗauki haɗin da ya karye ka duba fuskokinsa biyu da kyau. Idan katako ne ya tsage, zarensa na manne a jikin gam, aikinka ya yi, gam ya fi itacen ƙarfi. Idan gam ya rabu biyu, kowane ɓangare da rabonsa, gam ɗin ne mai rauni, ko an tsinka shi da ruwa, ko an cire matsi bai gama bushewa ba. Idan kuwa ɓangare ɗaya ya fito sumul, ba ko ɗigon gam, to bai kama ba tun farko, saboda ƙura, ko maiƙo, ko tsohon fenti, ko ɗanyen katako. Wannan na ukun ya fi yawa, kuma canza gam ba ya maganinsa. Abin yana ba ni takaici in ga mai sana'a ya sayi gam mai tsada alhali sanfefa kawai aikin yake nema.

Ta ɓangaren sinadari, ana jiƙa haɗin cikin fetur, ko mai, ko ruwan sabulu, ko a sa shi a akwatin feshin ruwan gishiri, sannan a sake ja a ga nawa ya rage na ƙarfinsa. Akwai na'urar da ke nuna zafin da gam yake fara saki, da wadda ke haska shi ta nuna ko sinadaransa sun gama haɗuwa. Wannan ya fi shafar gam mai ruwa biyu irin su Araldite, wanda idan aka kuskure ma'aunin gaurayawa zai daskare a ido amma ba zai kai ƙarfinsa ba.

Sai gwajin da ake yawan tsallakewa, wato a rataya wa haɗi nauyi a bar shi wata da watanni. Wani gam yana jure ja na lokaci ɗaya, amma yana silalewa a hankali idan nauyi ya daɗe a kansa. A ranar 10 ga Yuli 2006, silin kankare mai kusan tan 26 ya rufto wa wata mota a hanyar ƙarƙashin ƙasa a Boston ta Amurka, mace ɗaya ta rasu. Bincike ya nuna gam ɗin da ke riƙe da ƙusoshin silin mai saurin bushewa ne, kuma bai iya jure nauyi mai daɗewa ba.

Kai ma za ka iya naka a shago. Yanka guntaye daga katakon da kake aiki da shi, ka manna bibbiyu, ka matse, ka bar su mako guda. Wasu ka jefa a bokitin ruwa kwana 4, wasu ka ɗora kan kwano su sha rana, sauran ka ajiye a inuwa. Sannan ka ɗaure kowanne a bais, wato ƙarfen da ake matse kaya da shi, ka buga kurfi a layin haɗin har ya rabu, ka duba fuskar. Duk lokacin da ka canza gam ko wurin sayen katako, ka sake.